BABI NA UKU: FITA NEMAN LARABCI A ƘASASHEN LARABAWA, MISALI DAGA UNGUWAR KABARA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan tarihin fitar malamai da almajiran Kano zuwa ƙasashen Larabawa da niyyar ƙaro ilmin Larabci da kuma zama a cikin masu harshen. An ɗauki unguwar Kabara, wadda take cikin birni daura da gidan Sarki, a matsayin wurin da za a tsaya a hango al'amarin. Dalili kuwa shi ne, unguwar ta samo sunanta ne daga wani malami matafiyi, sannan gidan malantar da ya fi shahara a cikinta, wato gidan Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, yana daga cikin gidajen da suka fi yin hulɗa da Hijaz da Sudan da Iraƙi da Libiya a ƙarni na 20.

Idan aka tambayi mutum abin da ake zuwa nema a ƙasar Larabawa, amsar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce Larabci. Abin da wannan babi yake son nunawa shi ne, wannan amsa ba ta cika ba. Malaman Kano sun mallaki Larabcin littafi tun kafin wani ya hau mota ko jirgi. Abin da ake fita nema ya riƙa sauyawa ne daga zamani zuwa zamani, kuma duk lokacin da ya sauya sai ya taɓa matsayin malamin da ya zauna a zaurensa bai je ko'ina ba.

3.1 Kafin Zuwan Turawa

Fita gabas neman ilmi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu, kuma daga baya masallacin Azhar ya keɓe wa mutanen Barno masauki nasu na kansu. Daga ƙasar Hausa akwai Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti. Haka kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya je aikin hajji, ya kuma sadu da babban masanin lugga Murtala Azzabidi a Misira.

Sai dai waɗannan ɗaiɗaiku ne. Mafi yawan zirga-zirgar ilmi a Kano shigowa ce, ba fita ba. Wangarawa sun shigo a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Shehu Magili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), zuriyar da ake dangantawa da shi kuma tana nan a Sharifai. Fataken Gadamas da Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa da Alfindiki, a lokacin da kalmar "Turawa" take nufin fararen Larabawa, kuma su ne ake jingina wa shigo da abinci irin su alkaki da gurasa da alkubus. Wato ke nan Bakano na wancan zamani ba sai ya ƙetare hamada ba kafin ya ga Balarabe ko ya ɗanɗani girkinsa. Yana iya samunsa a bayan Kasuwar Kurmi.

A cikin irin wannan shigowa ne Malam Umaru, wanda aka fi sani da Malam Kabara, ya iso Kano wajejen ƙarshen ƙarni na 18. Kabara sunan wani gari ne a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwan Tambutu suke tsayawa, kimanin kilomita takwas kudu da birnin. Laƙabin malamin ya bi wurin da zuriyarsa ta zauna har ya zama sunan unguwa. Abin lura a nan shi ne, tushen ilmin gidan daga yamma yake, daga Tambutu da ƙasar Kuntawa, ba daga Misira ko Hijaz ba.

Akwai wani misali da ya kamata a ajiye a zuciya kafin a ci gaba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar ƙasarsu wajejen 1807 da niyyar tafiya gabas, amma bai wuce Kano ba. A nan ya tsaya ya karantar da tafsiri, ya rubuta Liya'ul Hukkami bisa roƙon mutanen gari, sannan ya koma gida. Wannan mutum da bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba shi ne ya tsara nahawu da sarfu a waƙe, shi ne kuma ake yi wa laƙabi da Balaraben Sudan. Yayansa Shehu Usmanu shi ma bai je ba. Saboda haka a idon malaman ƙarni na 19, rashin zuwa gabas bai rage wa malami komai ba ta fuskar harshe.

3.2 Karatun Zaure da Tafiye-tafiyen Shehu Nasiru Kabara

An haifi Shehu Nasiru a Guringawa, a wajen birnin Kano, ya kuma tashi a hannun Malam Ibrahim Natsugune, wanda yake ɗan'uwa ne a gare shi kuma ɗaya daga cikin manyan malaman fada. Karatun da ya yi shi ne wanda aka sani a kowane zaure a birni. A fiƙihu ana farawa da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a hau Risala da Askari, a tuƙe da Muhtasar. A nahawu akwai Ajuruma da Mulha da Alfiyyar Ibn Malik. A lugga kuwa akwai Ishiriniya da Muƙamatul Hariri da waƙoƙin Jahiliyya da ake kira Shu'ara. Hanyar karantarwar ita ce almajiri ya ja baƙi gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa da Hausa, har a sauke littafi a ɗauki wani.

Wannan hanya tana da ƙarfinta da rauninta, kuma ya kamata a faɗe su duka biyu. Tana fitar da mutumin da zai warware i'irabin baiti mai wuya, ya tsara ƙasida ba tare da karya ma'auni ba, ya san kalmomin da Balaraben kasuwa bai taɓa ji ba. Amma ba a gina ta domin hira ba. Larabci a zaure harshen karatu ne da rubutu da ibada, Hausa kuma ita ce harshen bayani. Almajiri yana iya shekara ashirin a gaban malami ba tare da an taɓa buƙatar ya nemi ruwan sha da Larabci ba.

Da wannan guzuri Shehu Nasiru ya fara hulɗa da ƙasashen waje, kuma hulɗar ta fara ne da wasiƙa. Kamar yadda Paden (1973) ya kawo, a 1937 ya sami izinin ɗariƙar Sammaniyya a rubuce daga Shehu Abul Hasan Assammani, jikan gidan wanda ya kafa ɗariƙar a Madina. Wanda ya kafa ta, Muhammadu ɗan Abdulkarim Assamman, ya rasu a 1775, almajirinsa Ahmad Aɗɗayyib ne kuma ya kai ta Sudan. A 1949 Shehu Nasiru ya je aikin hajji, a hanyar dawowa ya biya ta Sudan ya sadu da Shehu Muhammad Alfatih ɗan Shehu Ƙaribullahi, halifan Sammaniyya a Umdurman. A 1953 kuma ya tafi Bagadaza, inda kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani yake, ya gana da zuriyarsa masu riƙe da zawiyar, ya dawo da amincewarsu a kan jagorancin Ƙadiriyya a wannan yanki.

Idan aka dubi waɗannan tafiye-tafiye da kyau za a ga babu wadda aka yi domin koyon harshe. Mutumin da ya rubuta wasiƙar da ta gamsar da malamin Madina bai je Bagadaza don a koya masa Ajuruma ba. Abin da ya je nema shi ne salsala, wato a haɗa shi da tushe kai tsaye ba tare da dogon zagaye ba. Kafin wannan lokaci Ƙadiriyya a ƙasar Hausa rassa ce daban-daban, mafi yawansu kuma ta hanyar Kuntawa da gidan Shehu Usmanu suka biyo. Wanda ya karɓo daga Bagadaza ya sami abin da zai tara rassan a ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Ba za a fahimci gaggawar wannan nema ba sai an tuna abin da yake faruwa a ɗaya ɓangaren. A 1937 ɗin nan ce Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas a wurin aikin hajji, kuma daga tsakiyar shekarun 1940 malaman Tijjaniyya na Kano suka riƙa tafiya Kaulaha a ƙasar Sanagal suna dawowa da sabon ƙarfi da ɗimbin mabiya. Ƙadiriyya tana buƙatar tata alƙiblar a waje, Bagadaza da Umdurman kuma suka zama ita.

Ta fuskar al'ada ma tafiyar ba ta tashi a banza ba. Bandiri ya riga ya shigo Kano ta hannun Larabawan Arewacin Afirka mazauna Alfindiki, amma tsarin halarar zikiri da jerin gwano da tutoci da kayan sarki na muridai, irin wanda ake gani a Maukibin Ƙadiriyya tun daga farkon shekarun 1950, yana ɗauke da alamun abin da Shehu Nasiru ya gano a zawiyoyin Sudan da sauran ƙasashen da ya ziyarta. Wata shaidar kuma tana cikin gidan kansa: ɗansa da ya gaje shi bayan rasuwarsa a 1996 sunansa Ƙaribullahi, sunan da ba a saba ji a Kano ba, sunan shehin Umdurman ne.

3.3 Turawan Mulki da Zaɓen Sudan

A daidai lokacin da malaman ɗariƙu suke tafiya da kuɗinsu da na muridansu, wata hanyar fita tana buɗewa a hannun hukuma, kuma ita ce ta haifar da abin da a yau ake kira karatu a ƙasar waje.

Turawan Ingila sun shigo Arewa da tsoron gabas a zukatansu. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a da yawa sun yi hijira, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wato Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan. Tawayen Satiru na 1906 da kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu a 1923 sun ƙara tabbatar musu cewa duk abin da ya biyo hanyar alhazai yana iya zuwa da Mahadiyanci. Amma kuma suna buƙatar alƙalai da malaman da suka san tsarin ofis. Mafitar da suka samu ita ce su kawo malaman nan gida maimakon su bar ɗalibai su fita. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko malamai uku daga Sudan, wato Shehu Bashir Arrayyah da Shehu Muhammad Salih Suwar Azzahab da Shehu Annur Attinƙari. Sudan a lokacin tana hannun Ingila, malaman kuma sun fito ne daga tsarin Kwalejin Gordon ta Hartum, saboda haka Turawa sun san irin tarbiyyar da suka samu. A 1947 aka faɗaɗa makarantar aka mayar da ita Makarantar Nazarin Larabci, wadda aka fi sani da SAS.

A wannan makaranta ne yaran Arewa suka fara jin ana koyar da darasi da Larabci daga farko har ƙarshe, da allo da alli da jarrabawa da takardar shaida. Tsakaninta da zaurukan Kabara tafiyar ƙafa ce, amma tsarin biyu sun yi nisa da juna ƙwarai. A zaure malami ne yake shaidar almajirinsa, a SAS kuwa takarda ce.

Da ɗaliban makarantar suka fara neman ƙari, Azhar ce zukatansu suke so. Amma juyin mulkin sojan Misira na 1952 da tashen Jamal Abdunnasir sun sa Turawa sun ƙara ƙyamar Alƙahira. Tsoron Mahadi ya koma tsoron siyasar ƙin mulkin mallaka. Sai aka zaɓi Bahtar Ruda, wata cibiyar horar da malamai da Turawa suka kafa a 1934 kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, nesa da hayaniyar babban birni. A 1954 aka tura rukunin farko, cikinsu akwai Abubakar Mahmud Gumi da Halliru Binji da Shehu Ahmad Sa'id Galadanci da Hassan Gwarzo. Gumi ya ba da labarin wannan tafiya a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1992. Wasu daga cikin irin waɗannan ɗalibai kuma Landan aka tura su daga baya domin digiri a fannin Larabci, abin da yake nuna cewa a wurin hukuma ba zama cikin Larabawa ne muhimmi ba, muhimmin abu shi ne a san hannun da ɗalibi zai faɗa.

Sakamakon wannan ƙaramin rukuni ya fi yawansu. Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Binji da Gwarzo su ma sun riƙe manyan kujerun shari'a a jihohinsu. Galadanci, wanda ɗan birnin Kano ne, ya ci gaba da karatu a Landan da Kambirij da Alƙahira, ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a farkon kafuwarta, ya yi jakadanci a Saudiyya, ya kuma rubuta littafin tarihin harshen Larabci da adabinsa a Nijeriya wanda har yanzu ɗaliban fannin ba sa rabuwa da shi. A ganin mai wannan nazari, darasin da iyaye da almajirai suka ɗauka daga wannan a bayyane yake: shekara ɗaya ko biyu a waje tare da takarda tana kai mutum inda shekara talatin a zaure ba ta kai shi ba.

3.4 Bayan Samun Mulkin Kai

Da Turawa suka tafi a 1960 sai ƙofofin suka buɗe gaba ɗaya. Misira ta riga ta gina unguwar ɗaliban waje ta Azhar a 1959, a 1961 kuma ta yi wa jami'ar garambawul ta shigar da fannoni irin su likitanci da injiniya. A 1961 ɗin dai Saudiyya ta buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka tsara musamman domin ɗaliban ƙasashen waje. Sardauna Ahmadu Bello ya zama mataimakin shugaban Rabiɗa da aka kafa a Makka a 1962, abin da ya sauƙaƙa samun guraben karatu. Libiya ta kafa ƙungiyarta ta da'awa a 1972. A Hartum an buɗe Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977, wadda ta zama jami'a a 1992. Kowace daga cikin waɗannan ƙasashe tana ba da gurbi da masauki da ɗan kuɗin kashewa, kuma kowace tana da abin da take so ɗalibin ya koma gida da shi.

Abu na farko da ɗalibin Kano yake cin karo da shi idan ya sauka shi ne, Larabawa ba sa magana da Larabcin da ya karanta. Mutumin Alƙahira yana furta jimun kamar "g", ƙaf kuma ya mayar da ita hamza. Mutumin Sudan da na Hijaz suna mayar da ƙaf "g". I'irabin ƙarshen kalma, wanda almajiri ya sha wahala a kansa shekara da shekaru, babu mai yin sa a kasuwa. Sai ya zama dole ɗalibi ya koyi harshe biyu a lokaci guda, na aji da na titi, kuma wanda ya yi wa mai sayar da burodi magana da salon Muƙama abin dariya yake zama. Abu na biyu shi ne matsayinsa a idon masu masaukinsa. A gida Balarabe abin girmamawa ne saboda harshen Alƙur'ani da dangantaka da Manzon Allah (SAW). A can kuwa sai ɗalibi ya tarar akwai sunayen da ake kiran mutanen Afirka ta Yamma da su, Takari a Hijaz, Fallata a Sudan, waɗanda sau da yawa ba da yabo ake faɗarsu ba. Ya kuma tarar Larabawa mutane ne kamar kowa, da masu ibada da masu sakaci, da silima da gidajen shan shayi da siyasa. Kalmar "al'adun Larabawa" da ake faɗa a dunƙule a gida sai ta warwatse a hannunsa, domin zaman Alƙahira daban, na Madina daban, na Umdurman daban.

Abin da suka dawo da shi ya fi bayyana a harshe. Malaman zaure suna furta harafin lodi da "l", shi ya sa Hausa ta sami kalmomi irin su alƙali da lalura da Ramalan da alwala. Waɗanda suka dawo daga waje sun zo da wani furucin, suna kuma ganin na gida gyara yake buƙata. Ƙasar Hausa ta gaji ruwayar Warshu da rubutun Magariba, inda ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Makarantun Islamiyya da masu dawowa suka cika sun yaɗa ruwayar Hafsu da rubutun gabas, gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da aka fara a 1986 kuma ta ƙara ba wa tajwidi irin na gabas daraja. Hatta sunan mai ilmi ya rabu: ga malam, ga ustazu, daga baya kuma ga dakta. Huɗubar Juma'a da lacca da muhawara a rediyo duk fage ne da mai saurin baki da Larabci yake haskawa, ko da kuwa wanda ya fi shi zurfi a nahawu yana zaune a sahun gaba.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗauka masu dawowa sun sami duniya a shimfiɗe. Harshen aikin gwamnati a Nijeriya Ingilishi ne. Da yawa daga cikin masu digirin Azhar ko Madina sun tarar ba su da wurin zuwa sai ajin Larabci a makarantar sakandare ko kotun shari'a, alhali abokansu da suka yi boko a Zariya suna hawa kujerun mulki. Sun fi malamin zaure a wurin hukuma, amma ɗan boko ya fi su.

Sauyi mafi nauyi ga Kabara shi ne na aƙida. Manhajar Madina ba ta yarda da ɗariƙun sufaye ba, kuma suka ga ɗariƙu ta riga ta yi ƙarfi a gida ta hanyar wa'azin Gumi a Kaduna da kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin 1990 samarin da suka karanta a Madina suka fara dawowa Kano suna buɗe majalisun hadisi da tafsiri. Sananne a cikinsu shi ne Malam Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a masallacinsa na Ɗorayi a watan Afrilu na 2007. Hujjar da Shehu Nasiru ya kafa jagorancinsa a kanta a 1953, wato ya je tushe ya karɓo, ita ce waɗannan samari suka riƙe, sai dai tushen nasu daban ne. Wannan ya je Bagadaza, wancan ya je Madina, kowa kuma yana cewa daga asali ya ɗebo.

3.5 Matakan da Gidan Kabara ya Ɗauka

Shehu Nasiru bai tsaya yana kallon zamani yana wuce shi ba. Ya shugabanci Makarantar Shari'a ta Shahuci, wadda take ta En'e ce mai aji da jarrabawa, a 1961 kuma ya buɗe makarantarsa ta Islamiyya a Gwale. Manufar a fili take: ɗan ɗariƙa shi ma ya sami takardar da za ta shigar da shi SAS ko Kwalejin Abdullahi Bayero ko wata jami'a a ƙasar Larabawa, ba tare da ya bar wuridinsa ba. Ya ci gaba da hulɗa da Iraƙi da Libiya da Sudan, kamar yadda Loimeier (1997) ya yi bayani, akwai kuma daga cikin 'ya'yansa wanda ya yi karatu a Iraƙi. A lokaci guda karatun zaure da tafsirin azumi da Hausa ba su tsaya ba.

Wani abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne tarjamar Alƙur'ani. Ta Gumi ta fito a 1979, daga baya ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina ta riƙa buga ta tana rabawa alhazai. Ta Shehu Nasiru, mai suna Ihsanul Mannan, ƙungiyar da'awa ta Libiya ce ta ɗauki nauyinta. Manyan malaman nan biyu, waɗanda suka fi kowa sanin hanyar ƙasashen Larabawa a zamaninsu, babban aikin da kowannensu ya bar wa jama'a da Hausa yake, kuma kuɗin Larabawa ne ya buga shi.

3.6 Ƙuncin Hanya

Sassan Larabci na jami'o'in Nijeriya sun tsara karatunsu ne a kan cewa ɗalibi zai yi shekara guda, yawanci ta uku, a cikin masu harshen, kamar yadda ɗaliban Faransanci suke yi. Faɗuwar darajar naira daga 1986, lokacin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, ta sa wannan ya gagara. Sai gwamnati ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991, da Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Barno a 1992. An zaɓi Ngala ne saboda Larabawan Shuwa da suke zaune a yankin, ga shi kuma tana bakin iyakar Kamaru, ba nisa da Cadi. Da haka "ƙasar waje" ta ɗalibin Larabci na Jami'ar Bayero ta koma tafiyar yini guda a mota. Wasu kuma suka karkata zuwa Jami'ar Musulunci ta Sayi a Jamhuriyar Nijar, wadda ta fara aiki a 1986.

Su ma waɗannan hanyoyi ba su tsira ba. Hare-haren Boko Haram a Gamborun Ngala a 2014 sun sa an mayar da ayyukan ƙauyen Maiduguri, inda harshen titi Kanuri ne da Hausa. Iraƙi ta fita daga lissafin mafi yawan iyaye tun yaƙin 1991 da mamayar Amurka ta 2003, Libiya kuma tun 2011. Sudan, wadda ta aiko da malaman farko a 1934 ta kuma karɓi ɗaliban farko a 1954, ita ce ta zama matattarar yaran Kano da Jigawa da maƙwabtansu saboda sauƙin kuɗi da kusanci, kuma da yawansu ba Larabci suka je karanta ba, likitanci ne da haɗa magunguna da aikin jinya, Larabcin a gefe suke tsintarsa. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, an kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Misira da kuma Fot Sudan, jiragen farko da suka ɗauko su daga Aswan suka sauka Abuja a farkon watan Mayu.